Kawu da Shaidunsa Goma Sha Biyu

Kawu, yayan mahaifiyata, ya amsa kiran Mahaliccinsa ranar wata Talata da hantsi, aka yi masa sutura, aka kai shi maƙabartar Tarauni kafin la'asar. Daga Allah muka fito, gare Shi kowa zai koma, shi dai ya riga mu ne. Na ɗauki alƙalami ne don ina tsoron a manta da shi, ko kuma a riƙa tuna shi a karkace, wanda a wurina ya fi mantuwar ciwo.

A kwana ukun zaman makoki na ji yabonsa iri-iri, yawanci ta taga. Maza suna waje a kan tabarmi, ƙarƙashin rumfar da aka kafa a layinsu na Gyadi-Gyadi, mu mata muna cikin gida. Sai dai ni ina da dalilin shiga ɗakin karatunsa sau uku ko huɗu a yini, tagar ɗakin kuwa daidai kan masu zaman take. A rana ta biyu, bayan an shafa fatiha, na ji wani ɗan kasuwar Tarauni ya rage murya ya ce, "Wai ni Malam aikin me yake yi ne a ɗakin nan? Shekara da shekaru, in ka gifta sai ka ji inji yana kuka."

"Taurari yake ƙirgawa," in ji wani.

"Kai, a'a. Hasashen damina ne, na gwamnati."

Sai mai adaidaita sahun da ya daɗe yana ɗaukar Kawu, wani magidanci mutumin Gaya, ya sa baki. "Ni dai ban san aikinsa ba, amma na san halinsa. Shekara shida ina kai Baba asibiti da masallacin Juma'a, ban taɓa jin ya ce tabbas a kan al'amarin duniya ba. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ka ce, Baba yau za a sha ruwa, sai ya ce, da alama. Ko ruwan ya fara dukan rufin keke, cewa zai yi, to, alamar ta ƙaru."

Aka yi dariya irin ta gidan makoki, wadda ake yi ana share ido. Ni ma na yi, ni kaɗai, ina tsaye a gaban kwamfutar da suke magana a kanta.

A cikin gida kuwa saura kaɗan a kashe ta. Ƙanwar mahaifiyata, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ta leƙo ta ce, "Haba jama'a, gidan mutuwa ana ta gurnanin inji? A kashe abin nan a shimfiɗa tabarma, mutanen ƙauye ba su da wurin sallah." Hajiya, matar Kawu, wadda tun da aka fita da shi ba ta yi magana mai tsawo ba, ta ɗago kai ta ce, "Ba mai taɓa shi. Cewa Malam ya yi ko bayan ransa a bar injin ya gama." Daga nan ba wanda ya ƙara tayar da zancen.

Abin da ba wanda ya sani a gidan sai ni shi ne, lissafin da injin nan yake yi shi zai yanke hukunci a kan aikina na shekara shida. Ina koyar da fiziks a jami'a, ina kuma dab da kare kundin digirina na digirgir. Sakamakon da na gina kundin a kansa ya riga ya fito a wata mujallar ƙasar waje, da sunana a gaba, na Kawu a baya. Kwamfutar tana sake lissafin ne daga tushe, don a ga ko sakamakon nan gaskiya ne ko kuwa kuskure muka buga wa duniya. Ranar da Kawu ya rasu, saura kusan mako uku ta gama.

Shi ma malamin fiziks ne, ya yi karatunsa a wata ƙasa mai sanyi, ya dawo saboda tsohuwarsa, ya koyar har ya yi ritaya. Ritayar dai ta albashi ce, don bai ajiye aikin ba. Ina aji biyu a jami'a na fara tambayarsa me yake yi, ina jiran ya kore ni kamar yadda yake korar masu tambayar fatar baki. Sai ya zaro carbinsa daga aljihu, ya ce in karɓo masa na Hajiya, ya zauna a ƙasa ya ajiye su a kan tabarma.

Ya ce iskar hiliyam, wadda ake hura wa balan-balan ɗin yara, idan aka sanyaya ta sanyin da ya wuce duk wanda muka sani, ruwa take zama. A irin wannan sanyi ƙwayar zarra ba ta zama wuri ɗaya kamar tsakuwa, ba ta kuma bin hanya ɗaya. Duk hanyar da za ta iya bi tana da rabo a cikin halinta. Masana suka gano cewa a lissafi ana iya zana kowace ƙwaya kamar carbi, 'ya'ya a jere, zare ya haɗa su, ƙarshen ya komo ya kama farkon. Ya dunƙule kowane carbi a wurinsa ya ce haka suke in da ɗumi. Sannan ya baza su har suka taɓa juna ya ce, in sanyi ya yi yawa kowanne yakan buɗe, har zaren wannan ya shiga na wancan su zama dogon carbi guda. Idan da yawa suka haɗe haka, ruwan sai ya riƙa gudu ba abin da ke riƙe shi, ya bi ta kafar da ko iska ba za ta bi ba. Hajiya tana bakin ƙofa tana kallonmu, ta ce, "In kun gama a ba ni carbina, kada a mayar min da shi hiliyam."

Wahalar ita ce, siffofin da waɗannan carbuna za su iya ɗauka ba su ƙirguwa, ga shi kowace ƙwaya tana ture maƙwabciyarta in ta matso, tana janyo ta in ta yi nisa. Ba wanda zai iya warware wannan da biro da takarda. Don haka sai a sa kwamfuta ta riƙa jefa ƙuri'a. Ta zaɓi ɗan carbi ɗaya, ta gusa shi kaɗan, ta auna ko maƙwabta za su yarda da sabon wurin, ta bar shi ko ta mayar, ta sake, ta sake, sau miliyoyi, a ƙarshe a ɗauki matsakaici. Kawu yakan ce aikin mai sayen gero ne, wanda ba ya zazzage buhu, sokawa yake nan da can ya duba abin da ya fito. Kuma saboda sokawa ce ba zazzagewa ba, kowace lamba da aka samu dole a rubuta ta da abin da yake kira ratar shakka, wato iya nisan da gaskiya za ta iya kasancewa sama ko ƙasa da ita. Ɗalibin da ya kawo masa lamba tsirara, ba rata, ko kallon takardar ba ya yi. Mayar masa da ita yake yi ya ce, "Je ka sa mata riga."

Kalmar ƙuri'ar nan ta taɓa jawo masa magana. Ta zaga ta kai kunnen limamin layinsu, shi kuwa wata rana bayan la'asar ya yi nasiha a kan 'yan bokon da suka koma yin duba da inji. Bai kama suna ba, amma duk sahun an san inda aka nufa. Da aka fito Kawu ya kama hannun liman ya ce, "Allah gafarta Malam, zo ka ga bokan da idonka." Ya zaunar da shi a ɗakin daga la'asar har aka kusa kiran magariba, yana nuna masa lamba bayan lamba, bai ko ba shi ruwa ba. Da liman ya fito mutane suka tare shi, ya gyara rawani ya ce, "Jama'a, na janye. Wannan ba duba ba ne, wahala ce." Tun daga ranar suka zama aminai, kuma limamin ne ya yi wa gawarsa sallah.

Ba zan ce Kawu mutum ne mai sauƙi ba, don in na faɗa waɗanda suka san shi za su ƙaryata ni. Yana da kafiya, ba ya iya yabo, kuma in yana da gaskiya ba ya tausaya wa wanda ba shi da ita. Ni Uwar Gaggawa yake kirana, tun ina ƙarama, wai ina gama jimla kafin in san abin da zan faɗa. Amma lokacin da na haifi tagwaye a shekarata ta biyu da fara digirin, na yanke shawarar ajiye karatun, shi ne ya hana. Bai yi min wa'azi ba. Duk Asabar da safe sai in ji adaidaita ta tsaya a ƙofar gidanmu a Unguwar Gano, ya shigo da takardun da kwamfuta ta fitar a cikin leda, ya miƙa min, ya karɓi jariri ɗaya ya ɗora a kafaɗa. Mutumin da bai taɓa goyon nasa 'ya'yan ba, ga shi yana zagaya tsakar gida, an yi masa tumbuɗi a babbar riga, yana ce min, "Karanta da ƙarfi, ina ji." Wata takwas yana wannan zirga-zirgar.

Aikina shi ne in duba abin da ke faruwa idan aka matse 'yan ƙwayoyin hiliyam a cikin siririn rami. Da manhajar Kawu na yi, wadda ya rubuta da hannunsa tun ban shiga jami'a ba, a kan tsohuwar kwamfutarsa. Na gudanar da lissafin sau goma sha biyu, kowanne dabam, kamar yadda ƙa'ida ta ce, don a ga ko za su yarda da juna. Suka yarda. A zanen da na fitar wani ɗan tudu ya bayyana, yana nuna cewa carbunan suna haɗewa tun kafin sanyi ya kai inda kowa yake zato. Ratar shakkar kuwa siririya ce kamar zare. Ɗan tudun nan shi ne kundina gaba ɗaya. Da mujallar ta buga, Kawu ya sa aka fitar masa da kwafi, ya riƙa yawo da shi a aljihu yana nuna wa 'yan majalisarsu, mutanen da ko take ba za su iya karantawa ba. Ni bai taɓa ce min sannu ba, daga bakin Hajiya nake jin labarin.

Wata biyu bayan haka ya kira ni a waya da rana tsaka ya ce in zo yanzu. Na tarar ya jera sakamakon goma sha biyun a kan tabarma, ya danne kowanne da abin da ya samu, wani da kofi, wani da takalmi.

"Uwar Gaggawa, zo ki gani. Ba ki ga sun cika jituwa ba?"

Na ce, "Kawu, ai abin da ake so ke nan."

"In alƙali ya kira shaidu goma sha biyu, kowa ya faɗi magana ɗaya, har inda zai yi tari, me alƙalin zai ce?"

Bai jira amsata ba.

"Cewa zai yi a ɗaki ɗaya suka kwana."

Ga abin da ya faru. Kwamfuta ba ta san sa'a ba. Ƙuri'arta jerin lambobi ne da take tsirowa daga wata lamba guda ta farko, wadda ake kira iri. In ka ba ta iri ɗaya, jeri ɗaya za ta ba ka, ko sau dubu ka maimaita. Saboda haka Kawu ya rubuta layi ɗaya a manhajarsa wanda yake ɗaukar irin daga agogon kwamfutar duk lokacin da ta farka, tunda lokaci ba ya maimaita kansa. Ya kuma saita ta yadda in an ɗauke wuta aka dawo da ita, za ta tashi da kanta ta ɗora daga inda ta tsaya. Dabara ce mai kyau ga wanda yake zaune a Kano. Amma a cikin kowace kwamfuta akwai ɗan batir kamar maɓallin riga, shi yake riƙe agogo in babu wuta, kuma na Kawu ya daɗe da mutuwa. Duk ɗauke wuta sai agogon ya koma ɗaya ga Janairu na wata shekara da ta shuɗe, ƙarfe goma sha biyu daidai. Kullum iri ɗaya, kullum ƙuri'ar jiya ita ce ta yau. Wata da watanni wuri ɗaya muke soka buhun. Da sakamakon sun fito iri ɗaya sak da mun farga, amma wutar takan yanke kowanne a wuri dabam, sai lambobin ƙarshe suka ɗan bambanta, daidai yadda za su ruɗe mu. Ranar da ya kira ni, yana zaune aka ɗauke wuta aka dawo da ita, ya ga irin ya fito a fuskar kwamfutar, ya tuna ya taɓa ganin lambar a littafinsa na bara.

Amma akwai abin da na sani wanda shi bai sani ba. Shi idonsa ya yi rauni, ba ya ganin ƙananan rubutun kusurwa. Ni kuwa kusan kullum ina ganin wannan kwanan watan na bogi. Har dariya nakan yi in ce kwamfutar Kawu ta ƙi tsufa. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me kuma yake dogara da agogon ba. Ban faɗa masa wannan ba a ranar, na haɗiye.

Abin da na faɗa ya fi muni. Na ce, "Kawu, wa zai sani? Mutum nawa ne a duniya za su karanta takardar nan?"

Ya ce, "Ko mutum ɗaya ne, gininsa zai ɗora a kai."

Na ce, "Kai ka gama naka, ka yi ritaya. Ni ce zan tsaya a gaban mutane in ce shekara shida iska na kama. Kuma layin nan naka ne, ba nawa ba."

Ya kalle ni ya ce, "Layina ne." Na ɗauki jakata na fita ko sallama ban yi wa Hajiya ba. Har yau in na tuna fuskarsa a lokacin sai kunya ta rufe ni.

Mako biyar ban taka gidan ba. Umma, mahaifiyata, ba ta san kan rigimar ba, amma ta ce min, "Ko da zinare aka rubuta kundin nan, yayana ne, kuma shi ya riƙe miki 'ya'ya." Na ce to, ban je ba. Shi ne ya zo. Lokacin ciwon ƙodarsa ya fara tsananta, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, sai da mai adaidaitar ya riƙo shi suka shigo. Ya zauna ya huta, ya kwance bakin hankicinsa, ya ajiye min mataccen batirin a tafin hannu.

"Ga wanda ya raba mu," ya ce. "Dubi girmansa."

Na fashe da kuka, shi kuwa ya jira na gama kamar yadda yake jiran kwamfuta. Sannan ya ce ya sa sabon batir, ya sa an kafa masa sola don kada injin ya ƙara mutuwa, ya kuma gyara layin yadda kowane lissafi zai sami irinsa dabam, a rubuce a littafi. Za a sake duka goma sha biyun, wata huɗu za su ci. Ya ce, "Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wataƙila tudunki yana nan. Ban ce babu shi ba, cewa na yi ba mu sani ba." Ya ce ya rubuta wa mujallar wasiƙa biyu, ya sa hannu, ya ba Hajiya ajiya. In tudun ya tsaya, ta farko za a aika, a faɗi kuskuren a ba da sabuwar ratar. In ya faɗi, ta biyu, a janye takardar ɗungurungum. "Zan jira shaidu su gama magana," ya ce, "amma ba zan jira fiye da haka ba."

Allah bai nufa zai ji ƙarshen maganarsu ba. Ganina da shi na ƙarshe a asibiti ne, ana gobe zai rasu, da azahar. Ya rame, muryarsa ta dushe, na sunkuya don in ji.

"Shaida na nawa ake?"

"Na goma, Kawu."

"Suna saɓawa?"

"Suna saɓawa."

"Madalla," ya ce, ya lumshe ido. Ban taɓa ganin wanda saɓani ya faranta wa rai haka ba.

Kwana goma sha tara bayan rasuwarsa injin ya yi shiru. Na kwashe lambobin na tafi gida na zana. Tudun babu shi. Inda yake a da sai layi miƙaƙƙe, da ratar shakka mai faɗi wadda ta haɗiye shi har ba a ganin inda ya taɓa tsayawa. Na sake zanawa ta hanya uku, ko Allah zai sa. Babu. Na ji baƙin ciki irin wanda ban ji ba ko ranar jana'iza, kuma na ji haushin kaina da na ji hakan.

A nan ne shaiɗan ya samu wurin zama. An riga an sa ranar kare kundina. Malamin da ke duba ni a jami'a bai san komai ba. Wanda ya san kuskuren yana maƙabartar Tarauni. Hajiya tana riƙe da ambulan biyu amma ba ta karanta Turanci. In na yi shiru, cikin wata biyu na zama dakta, kuma mai yiwuwa har in mutu ba wanda zai tono. Kwana tara ina juya wannan a raina. Nakan ce ai ba ƙarya na yi da gangan ba. Nakan ce in na sami digirin sai in gyara daga baya a hankali. Maigidana, wanda ba ruwansa da fiziks, ya ce min, "Ke kika san aikinki. Ni dai abin da na sani, kin daina cin abinci, kuma kin daina bi ta Gyadi-Gyadi."

A rana ta goma na shirya na tafi. Na sami Hajiya a ɗakinta tana takaba, zaune a kan darduma. Muka gaisa, na ƙara yi mata gaisuwa. Sannan na ce, "Hajiya, akwai saƙon da Kawu ya bari."

Ta ce, "Akwai. Ai tun ranar da injin ya daina kuka nake sauraron sallamarki." Ta jawo akwatinta ta buɗe. "Cewa ya yi in kin zo in ba ki wadda kika tambaya. In ba ki zo ba kada in aika miki, kada in gaya wa kowa, in na fita takaba in ƙona su. Na ce masa, Malam, in ba ta zo ba fa? Ya ce wannan tsakaninta da Allah ne, shi ba zai tilasta ki daga kabari ba. Wacce?"

Na ce, "Ta biyu."

Ta miƙo min ba ta tambayi komai ba. Na buɗe a gabanta. Gajeruwa ce, irin rubutunsa, ba ado. Ya bayyana batirin da agogon da irin, ya nemi a janye takardar. A sakin layi na ƙarshe ya rubuta cewa kuskuren nasa ne shi kaɗai, shi ya rubuta layin, shi ya saita injin, ita kuwa marubuciya ta farko ta yi aikinta bisa amana da kayan aikin da ya ba ta, kada a ɗora mata komai. Ya sa hannu, ya bar min wuri a ƙasa. Mutumin da na jefa wa magana na ce layinsa ne, ya ɗauka ya rubuta wa duniya haka, da sunan da ya shekara arba'in yana tsarewa.

Hajiya ta ga hawayena ta ce, "Me ya ce?"

"Ya ce laifinsa ne shi kaɗai."

"To, haka ne?"

Na ce, "A'a, Hajiya. Ni ma na ga agogon. Kullum ina ganinsa."

Ta laluba cikin akwatin ta ciro bironsa ta miƙo min. "To gyara masa. Ba ya son a bar kuskure a takarda."

Na ɗora wasiƙar a gwiwata na ƙara jimla biyu a ƙarƙashin nasa, cewa ni na ga kwanan watan ba daidai ba ne tsawon watanni ban bincika ba, don haka kuskuren namu ne mu biyu. Na sa hannu, washegari na aika, na kuma je na gaya wa malamina. An janye takardar, an ɗage ranar kare kundin, yanzu ina sake rubuta shi a kan abin da ba mu samu ba da dalilin da ya sa muka zaci mun samu. Har yau ban zama dakta ba. Amma in an tambaye ni wa ya koyar da ni, da ƙarfi nake faɗa, kuma ban taɓa alfahari da wani abu kamar yadda nake alfahari da sunana a ƙarƙashin nasa a kan waccan wasiƙar ba.

Ya Allah, bawanka ya zo maka. Ka san bai yarda ya bar ƙarya a bayansa ba, ko ta lamba ɗaya. Ka yafe masa abin da ya kuskure, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba Hajiya haƙuri. Mu kuma da muka rage, ka ba mu ƙarfin faɗin gaskiya ranar da ba mai ganinmu sai Kai.